Yaya Sale, Manomin da Ba Ya Kai Hantsi a Gona

Kakar bana shekara tara ke nan da rasuwar yayana Salisu, wanda a ƙauyenmu na gefen Runka yaro da babba ba su san shi da wani suna ba sai Sale Bature. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya. Shi ne na fari, ni ce ta biyar, kuma a cikinmu duka shi kaɗai Allah Ya yi zabiya. Ya rasu wake na gona ba a gama roro ba. Shi ya sa duk shekara, da na ga an fara wucewa da buhunan sabon wake ta ƙofar gidan da muke haya a nan Batsari, sai zuciyata ta koma can.

Ba don ya shahara nake rubuta wannan ba. Bai taɓa riƙe sarauta ba, bai taɓa wuce Katsina ba a rayuwarsa, Katsinar ma ciwo ne ya kai shi. Ina rubutawa ne saboda ina da ɗiya, Murja, ita ma zabiya ce, bana shekararta sha uku. Tana da huɗu ya rasu. Da abin da ya koya mini na raine ta har ta kawo yanzu. Sai ga shi zamani ya zo da abin da ya fi ƙarfin dabararsa, kuma ba ranar da za ta wuce ban tambayi kaina me zai ce da yana nan ba.

Innarmu ce ta ba ni labarin yarintarsa, don ni na tashi na tarar da shi saurayi. Kowa ya san jariri ja ake haihuwarsa, sai a hankali ya rine. Tsofaffi ma gefen kunne suke dubawa su ce wannan baƙi zai yi, wannan wankan tarwaɗa. Da aka yi arba'in Yaya bai rine ba, sai tsofaffin gidan suka yanke cewa bai nuna ba ne, kamar gwandar da aka tsinka ɗanya, rana ce za ta ƙarasa shi. Sai a shafe shi da man shanu, a shimfiɗa tabarma a tsakar gida da hantsi, a kwantar da shi. Ya yi ta tsala kuka, fatarsa ta yi jawur ta ɗuri ruwa. In ta fara saɓulewa sai a ce, "Alhamdu lillahi, farar ce ke fita, baƙar na nan tafe." Baƙar ba ta taɓa zuwa ba. Ba mugunta ba ce, so ne. Gudu suke kada ya tashi bare a cikin yara. Inna har ta tsufa, in ta kawo nan a labarin sai ta kama bakin zanenta ta yi shiru.

Da ya tasa aka tura shi kiwon awaki da korar tsuntsaye a gonar gero kamar kowane yaro, kai ba hula, wuya a buɗe. Kafin ya isa aure ƙeyarsa da bayan hannuwansa sun yi kaushi kamar ɓawon itace, duk tabo baƙi-baƙi. Ba wanda ya zaunar da shi ya yi masa bayani. Jikinsa ne ya yi ta gaya masa, shi kuma ya saurara.

Sai ya tsara wa kansa noma irin nasa. Daga masallacin asuba ba ya komawa gida, gona yake wucewa da fartanya a kafaɗa. Ya yi ta aiki cikin raɓa, yana yi yana duban inuwarsa. Muddin ta fi shi tsawo, yana nan. Da ta fara tsukewa tana dawowa gindin ƙafarsa, ko kunya ɗaya ce ta rage bai nome ba, zai saɓa fartanya ya kama hanyar gida. A lokacin ne sauran manoma suke ƙara ɗaure ɗamara. Suna hango shi sai su ɗaga murya:

"Bature, an tashi ofis ke nan?"

"An tashi," in ji shi. "Ku leburori ku ci gaba, zan dawo duba aiki da la'asar."

Kuma yana dawowa. Da rana ta yi sanyi zai koma, sai an kusa kiran magariba ya shigo. Tsakanin nan yana ƙarƙashin rumfar karan da ya kafa a ƙofar gida, yana saƙar kaba: malfa, tabarma, igiyar ɗaure dabbobi. Abin da ya fi ci masa rai shi ne gayya. In aka yi gayyar noma, ganga na tashi, samari na tsere a kunya har rana ta take, shi ba ya iya kaiwa lokacin da ake kawo fura. Akwai masu cewa ragwanci ne kawai. Bai taɓa tsayawa musu da su ba. Sai dai duk wanda ya zo tasa gayyar, kafin kaka zai tarar da sabuwar malfa ko damin igiya a zaurensa. Rumbunsa kuwa bai taɓa kasa na kowa ba.

Ni an yi mini aure a wani ƙauye kusa da Yasore. Haihuwata ta uku ita ce Murja. Ungozoma na ɗaga ta na ga gashin kanta kamar gemun masara, na san abin da Allah Ya ba ni. Uwar mijina, wadda muke kira Iya, mace ce mai kirki, da hannunta ta yi mini wankan jego. Amma tun kafin suna ta aika a samo man shanu, ta ce da an yi aski za a fara shanya yarinya.

Ranar suna Yaya ya zo a bayan babur, ya baro Runka tun da duhu-duhu don kada rana ta same shi a hanya. An yi addu'a, an raba goro, wanzami ya gama aski. Ya shigo cikin gida gaida mata, sai ya ga tabarma a tsakiyar fili da ƙwaryar man shanu a gefenta. Ya durƙusa gaban Iya ya yi mata gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gajiya, ya tambayi jikoki, ya yi barka. Sannan ya ce:

"Iya, wannan shimfiɗar fa, ta wace ce?"

"Ta baƙuwarmu ce. Za ta ɗan sha rana ta nuna."

Ya cire malfarsa, ya kwance ƙyallen da yake naɗe wuyansa da shi, ya juya mata ƙeya. Ni da nake ƙanwarsa ban taɓa ganin wurin a fili haka ba.

"Iya, ki duba da kyau," in ji shi. "Ni ma an shanya ni. Ga furfura ta kusa, har yau ina jira in nuna."

Wata cikin matan ta so yin dariya ta haɗiye abarta. Iya ta daɗe tana kallo, sannan ta ce a naɗe tabarmar, man kuma a zuba wa mai jego a miya.

Tun daga ranar ya mai da Murja aikinsa. Ya ce kada in goya ta in fita tsakar gida ban yafa mata mayafi ba, kuma ba shara-shara ba. Ya ce in ɗaga zane ga haske, in ina hango rana ta cikinsa, to ita ma rana na hango ɗiyata. Ya ce daka da wanki in mai da su safe da yamma. Ya ce kada lumshi ya ruɗe ni, ranar da gajimare ya rufe sama ma tana ƙuna. Ya zo da kansa ya kafa rumfa daga ƙofar ɗakina har madafa, ya dasa itacen bedi, wato dogon yaro, a bakin rijiya. Duk kaka sai ya aiko da sabuwar malfa, 'yar ƙarama mai faɗin baki, ta ɗara ta bara kaɗan, don in ya zo da zare yake auna kanta. Yakan ɗora ta a cinya ya ce, "Ke kin fi ni sa'a, hijabi zai rufe miki kunne da wuya. Ni da na sa, da garin nan ya tashi."

Sai dai mutumin da ya san rana haka, akwai inda saninsa ya tsaya, mu ma namu a nan ya tsaya. Wani ɗan ƙurji ya fito masa a bayan kunne. Ya yi ɓawo, ya faɗi, ya sake yi. Ba ya ciwo, don haka bai dame shi ba. Da ya fara faɗaɗa yana jini, masu gani suka ce daji ne. A wajenmu kuwa magana ɗaya ce kowa ya tashi da ita: ciwon daji ba ya son allura, ba ya son ƙarfe, da an kai shi asibiti an taɓa shi sai ya bazu. Yaya ya yarda da wannan kamar yadda ya yarda da inuwarsa. Aka yi ta jiƙo da saiwa da garin shafawa, duk ranar kasuwa da sabon mai magani. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Sai da gyambon ya cinye kunnen ya gangaro wuya, barci ya gagara, sannan aka sa shi a mota zuwa Katsina. Likita ya duba, ya tambayi tun yaushe. Da aka gaya masa sai ya sunkuyar da kai. Ya ce da tun yana ɗan ƙurji aka zo, da aikin ɗan lokaci ne. Aka ba da maganin rage raɗaɗi, aka dawo da shi gida.

Na san kwana ne ya ƙare, ba na jayayya da hukuncin Allah. Amma maganar likitan nan ba ta taɓa barin kunnena ba. Muna da yawa, 'yan'uwa da dangi, kowa na son sa, kowa ya kawo iyakar abin da ya sani, kuma duk saninmu jinkiri ya ƙara masa. Zuwana na ƙarshe na tafi da Murja. Ya ce in matso da ita. Ya kewaya kanta da yatsunsa, ya ce a hankali, "Ya ƙaru." Bai samu ya saƙa ta wannan shekarar ba.

Yau da Yaya zai dawo, ba na jin zai gane ƙasar da ya bari. Ƙauyenmu na gefen Runka ya watse. Na mijina ma mun baro shi, bedin da ya dasa ban san ko yana tsaye ba. Muna Batsari a ɗaki biyu, tsakar gida siminti ne, ba ko tsiro. Layin famfo ba inuwa, makaranta kuma rana na tsaka ake tashi. Amma ba wannan ne zai fi ba shi mamaki ba. Lokaci ne zai ba shi mamaki. 'Yan bindiga sun ƙwace mana asuba, sun ƙwace mana yamma. Ba mai fita gona da duhu-duhu yanzu, ba mai bari la'asar ta same shi a can. Sai rana ta ɗaga sosai, 'yan sa-kai sun duba hanya, sannan a taru a cika a-kori-kura a tafi tare, a yi abin da za a yi a gurguje, a juyo. Wato lokacin nan da Yaya ya ƙare rayuwarsa yana kauce masa, shi kaɗai ya rage wa manomi. Da yana raye, ko dai ya ajiye fartanya, ko ya zaɓi wadda zai tara tsakanin rana da bindiga. Ina jin da zai yi murmushin nan nasa na gefen baki ya ce an rufe masa ofis. Bayan murmushin kuma ban san me zai yi ba, kuma wannan rashin sanin shi ya fi damuna.

Bara da kaka abin ya iso ɗakina. Gonar mijina ta yi wake, wake kuwa ba ya jira: in ya bushe aka bar shi, ko ya fashe ya zube, ko a je a tarar wasu sun rore. Ana bukatar kowane hannu. Yayyen Murja suna zuwa, 'yan matan gidan da muke haya duk suna zuwa, ita kaɗai ake bari. Ta ce, "Inna, kullum sai a ce ni 'yar hutu ce, ina ci ba na yi." Ta roƙa, ta yi kuka. Aka ce to ta je sau ɗaya. Na sa mata riga mai dogon hannu da hijabi mai kauri, na ɗora mata malfar da aka sayo a kasuwa, na ɗaure da zare a haɓa. Sai ga shi a bayan mota iska ta tsinke zaren ta yi gaba da malfar. Ta yi ihu a tsaya. Direba ko waiwaye bai yi ba, kuma ban ga laifinsa ba. Wannan hanyar ba a tsayawa a kanta.

Ta dawo fuska kamar an watsa mata tafasasshen ruwa. Idanu a kumbure, leɓe a tsage, bayan hannuwa duk bororo. Ta yi kwanaki da zazzaɓi. Fatar ta saɓule ta warke, sai wuri ɗaya a leɓen ƙasa, ɗan kaushi kamar ƙwayar gero. Ya yi ɓawo, ya faɗi, ya sake yi. Ba ya ciwo. Ranar da na lura ya sake dawowa bayan watanni, ƙurjin Yaya ne ya faɗo mini a rai.

Iya tana tare da mu, ta tsufa sosai yanzu. Ta shafa wurin da yatsa ta ce, "Kada ku kuskura ku kai ta asibiti. In daji ne, ba ya son allura." Na san da so ta faɗa, irin son da ya sa ta nemo man shanu. Na ce, "Iya, Yaya Sale ma ai ba a yi masa allura ba." Washegari da za mu fita tasha, ita ta kira Murja ta dafa kanta ta yi mata addu'a.

A Katsina wata likita ta haska wurin ta duba, ta ce mun zo da wuri. Ta ce bai zama daji ba tukuna, amma can ya nufa in aka bar shi. Suka ɗana masa wani abu mai tsananin sanyi, ya yi duhu, bayan kwanaki ya faɗi, bai kuma dawo ba. Ta ba mu man da ke kare fata daga rana, ta ce a shafa a fuska da leɓe da hannu kafin fita, kuma a riƙa kawo ta ana dubawa ko ba a ga komai ba. Rabin abin da ta ce na riga na ji a bakin Yaya. Ɗaya rabin shi ne abin da Yaya bai samu mai gaya masa ba. A motar dawowa na yi ta tunani, aikin nan duka bai kai a ɗora ruwa ya tafasa ba. Na ja mayafi na rufe fuska don kada Murja ta gani.

Man nan ba kullum muke samunsa ba, in ya ƙare sai a koma wa inuwa. Bana kuma wake ya sake yi. Babban ɗanmu ya tafi neman aiki birni, hannu ya ragu. Mijina, Malam Iro, ba mai yawan magana ba ne. Ya zauna bayan la'asar yana faɗin waɗanda za su je da waɗanda ba sa nan. Bai ambaci Murja ba, amma na ji inda maganar ta dosa.

Na ce, "Malam, ni zan je."

A gidansu matan aure ba sa zuwa gona. Tun da aka kawo ni ban taɓa taka gonar nan ba, ko iyakarta ban sani ba.

Ya ce, "Mutane za su ce na kasa."

"Su faɗa, Malam. Ni na ga abin da ya ci yayana, su ba su gani ba."

"Kin dai san mata ma ɗauka ake yi a can."

"Na sani."

Ya ce, "To, Allah Ya tsare." Iya na jin mu daga ɗaki ta ce, "Oh ni! Uwa a gona, ɗiya a ɗaka kamar amarya. Na ga zamani." Can kuma ta kira ni ta nuna mini yadda ake tsinko wake ba a tumɓuke yaɗo ba.

Ba zan ce ba na tsoro ba. Duk ƙarar babur daga nesa sai in zabura, in ga kowa ya miƙe yana dube-dube. Bayana na ciwo, hannuna bai saba ba, 'yan mata na gama layi biyu ina kan ɗaya. Amma ina zuwa, kuma zan je har a gama.

In na zauna ina auna abin da ya rage na Yaya, ba shi da yawa a ido. Rumfarsa ta rushe, gonarsa ciyawa ta cinye, ko kabarinsa ba ma iya kaiwa. Tsarin nomansa ya tafi tare da zaman lafiya. Abin da ya rage yarinya ce mai wuya sumul ba tabo, wadda ta tashi ta san fatarta amana ce ba abin kunya ba. Sai kuma abu biyu da ya bar mini, ɗaya da rayuwarsa, ɗaya da mutuwarsa, waɗanda nake so duk uwar da Allah Ya ba irin nawa ta ji: kada a sa yaron nan a rana don ya saba ko ya rine, ba zai saba ba, ba zai rine ba. In kuma aka ga ƙurjin da ya ƙi warkewa, kada a jira ya fara ciwo.

Murja ba ta gode mini ba, ban kuma sa rai ba. Fushi take yi. Ita ke girki, ita ke kula da Iya da ƙannenta, da yamma ita ke ɓare waken da muka kawo. Amma in 'yan mata suka dawo suna labarin gona suna shewa, sai ta shige ɗaki. Shekaranjiya na dawo na zube a bakin ƙofa, ta kawo mini ruwa ta ajiye ba ta dube ni ba. Ta juya za ta tafi, sai ta tsaya.

"Inna, da Kawu Sale na da rai, zai bar ni in je?"

"Ba zai bari ba."

"Ko na yi kuka?"

"Ko kin yi birgima."

Ta ce, "To da shi ma na daina yi masa magana."

Na ce, "Da ya so hakan. A ce yana nan, kina nan lafiya lau, kina gaba da shi."

Ta ɗauko tsumma ta jiƙa, ta zauna kusa da ni ta fara goge mini ƙaiƙayin wake a hannu, fuskar nan har yanzu a ɗaure.

Allah Ya jiƙan Yaya Sale, Ya gafarta masa, Ya sanyaya makwancinsa.